Layar da Ke Cikin Kujerar Malam Sale

Ku samarin da kuke tsayawa bakin rumfata a tashar Ikara kuna cewa a koya muku aikin kushin cikin wata uku, ku ja benci ku zauna. A ganinku aikin nan soso ne da leda da keken ɗinki: a yanka, a shafa gam, a ja, a ɗinke, a tafi gidan kallon ƙwallo. Wani a cikinku har cewa ya yi ya gani a waya, wai duka-duka minti shida aka yi aka gama kujera. To, madalla da waya. Ni shekara uku na yi wurin maigidana, marigayi Malam Tanimu, a Makarfi, kafin ya bar ni na taɓa almakashi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya ce na iya ba.

Aikin farko da ya ba ni shi ne zama. Duk motar da aka kawo, sai ya ce, "Iro, shiga ka zauna." In shiga kujerar direba, in kama sitiyari, in taka kuloci, shi kuwa yana tsaye yana ɓantarar goro. Can sai ya ce in gaya masa wane ne mai kujerar. Da fari nakan ce, "Baba, ai ga shi can wurin mai shayi." Sai in ji saukar tafi a ƙeya. Na sha tafi kafin na gane abin da yake nufi. Kujerar da ta lotsa ta hagu, mai ita yana raba ta da fasinja, ya manne da ƙofa yana tuƙi da rabin mazaunai. Wadda ta yi rami ƙarami a gefe guda, mai ita ba ya cire walat daga aljihun baya. Wadda gabanta ya cinye bayanta yana nan sabo, gajere ne, ƙafarsa ba ta kai kuloci, kuma girman kai ya hana shi jawo kujerar gaba.

Daga nan ne za ku fara sanin ciwon baya, don rabin aikinmu shi ne. Direban da ya zauna daidai, in ya danne kuloci har ƙasa gwiwarsa tana da ɗan lanƙwasa, in ya kama sitiyari kafaɗarsa ba ta rabuwa da majingina, kuma daidai tsatsonsa, inda baya ya ɗan shige ciki, akwai ɗan tudu da ke tare shi. Soso mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Shi ke nan fa. Amma je ka duba motocin tashar nan. Wannan ya kwantar da kujera kamar mai jiran a ƙara masa ruwa a asibiti, yana leƙen hanya ta tsakanin sitiyari, wai shi babban direba. Wancan majinginarsa ta karye tun bara, ya tokare ta da jarka. Wani ya sato matashin kai daga ɗakin matarsa, wani ya ninke kwali, wani ya shimfiɗa irin duwatsun katakon nan masu kama da carbi, ya zauna a kai yana murmushin dole. Su yi shekara goma a haka tsakanin Ikara da Kudan, a kan hanyar da ko jaki sai ya zaɓi inda zai sa ƙafa.

In ƙugu ya riƙe, kuma, ba mai zargin kujera. A ƙasar nan ban taɓa ganin direba mai ciwon baya ba. Kowa basir ne da shi. Mutum zai fito daga mota a duƙe, hannu a kwankwaso, ka ce masa, "Kawo in gyara maka zaman nan," ya ce, "A'a, Malam Iro, basir ɗina ne ya motsa, jiya na ci barkono."

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su da yawa. Keken nan baƙi na Malam Tanimu ne, ya girmi yawancinku. Almakashi biyu, ɗaya na leda ɗaya na yadi, kuma duk wanda ya yanka soso da su ranar zai ga ɗanyen kaina. Soso wuƙa ake sa masa, doguwa, a wasa ta kullum. Ga basilla, ga filaya ta jan waya, ga sifana huɗu na kwance kujera, ga alli. Allin nan shi ne ya fi kowanne wuya, don duk inda ka zana nan bayan mutum zai kwana ya tashi shekara da shekaru.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Malam Sale, mutumin Furana. Sa'ana ne, tare muka yi samartaka a tasha. Direban ƙaramar mota ne, Ikara zuwa Makarfi, wani lokaci har Kudan, kuma motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce mai gonakin rake a can Kudan ɗin. Shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙi bai taɓa take ko kaza ba. Mata masu goyo motarsa suke jira, ko da wata ta riga ta cika.

Ban daɗe da buɗe rumfar kaina ba ya zo min da wata laya, ba ta wuce akwatin ashana ba, ya ce in farke majinginar kujerarsa in ɗinke ta a ciki, daidai tsatso. Ban yi mamaki ba. Direbobi da yawa suna da irinta, wani a madubi, wani a ƙarƙashin kujera. Malamai sun yi ta magana a kai, wasu su ce haka wasu su ce haka, ni kuwa ɗinki aka kawo min, ba fatawa ba. Abin da na tambaya kawai shi ne me ya sa sai a baya. Ya ce ranar da ya karɓo lasin Innarsa ta ba shi, ta ce, "Na goya ka shekara biyu ban sauke ka a hanya ba. Kai ma goya wannan, kada ka sauke." Ba ta shekara ba bayan nan ta rasu. Na ɗinke masa, na yi mata gurbi a cikin soso, ko alamarta ba a ji.

Matsalar ita ce fatar da aka ɗinke layar da ita. Zufa da zafin mota suna busar da ita, duk bayan shekara biyu sai ta fara tsagewa. Sai Malam Sale ya zo in farke, ya kai ta wurin baduku. Ba a cire tsohuwar fata, don in an cire an buɗe laya, sai dai a ɗora sabuwa a kai. Shi kuma badukun, don a san ya iya, sai ya ninka biyu ya bi da ɗinki mai kauri. Ya canza mota sau uku, tana biye da shi tana girma. Daga akwatin ashana ta kai sabulun wanka, daga nan ta kai ƙaramin mangwaro, ga tauri ba a magana. Babu gurbin da zai ɓoye ta kuma. Kowace safiya kafin ya tayar da mota sai ya kai hannu ya shafa tudun nan, ya yi bisimilla, sannan ya jingina a kai. Da yake ba a tsakiya take daidai ba, ya koyi karkacewa yana ba ta wuri.

Na gaya masa, ba sau ɗaya ba. Na ce, "Malam Sale, abin nan ne ke cin bayanka. Bari in mayar da ita ƙarƙashin kujera, ai duk cikin mota ne."

Ya ce, "Haba, Iro. Ka ji tsoron Allah. Abin da Inna ta ba ni ne zai cuce ni? Basir ne."

Ya sha jiƙo kala-kala, na ɗaci da na bauri. Wanzami ya yi masa ƙaho har aka rasa inda za a kafa sabo. Sau ɗaya ɗansa ya matsa masa ya je asibiti, likita ya ce ya gyara yadda yake zama a mota, ya riƙa tsayawa yana miƙe jiki. Ya dawo yana faɗa, wai mutumin ko allura bai yi masa ba, ina ya san aiki.

Sai ga shekarar da mai ya yi tashin da ya yi. Ku kuna tuna ta da tsadar kuɗin mota, ni ina tuna ta da wata huɗu ban ɗinka kujerar mota sabuwa ko ɗaya ba. Sirdin babur na koma faci. Mutane suka riƙa kawo min tsohuwar katifa, wadda yara suka gama da ita, wai in yanko musu soso daga gefen da bai jiƙe ba. Masu motoci suka yi ta ɗora su a kan duwatsu. Direbobi suka fi motoci yawa, kowane makulli akwai mutum biyar zaune a inuwa suna kallonsa, suna yi wa mai shi sannu da jiki da murya mai daɗi.

A lokacin ne bayan Malam Sale ya ƙi gaba ɗaya. Ya yi tuƙi kwana biyu, ya kwanta na uku. Salla ma a zaune yake yi. Ranar nan Alhajin Kudan ya zo tasha da kansa, suka gaisa a nan bakin rumfata, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka tambayi jiki, sannan ya ce, "Malam Sale, ina ganin girmanka, kuma ba ka taɓa cin amanata ba. Amma mota ba ta jinya. In ka sake fashin ranar kasuwar Makarfi, ka aiko min da makulli." Mutumin da ke da bakuna tara a gida, ba ya iya duƙawa ya riƙe fartanya, kuma in makullin nan ya fita daga hannunsa a irin wannan shekara, ba mai ba dattijo mai ciwon baya wani.

Ranar Juma'a ya bar min motar zai tafi Furana a sake yi masa ƙaho. Ya ce, "Ƙara min soso mai laushi. Ita kuma kada ka taɓa ta." Na ce to.

Yana hawa babur na kwance kujerar na shigo da ita ciki. Na farke ɗinkin ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Na zaro layar, na naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, na ɗaure ta da waya a jikin ƙarfen ƙarƙashin kujera, tam, ko rami ba zai motsa ta ba. Tsohon soson majinginar ya riga ya karkace ya bi jikinsa, na zubar. Na yanko mai tauri, na fere masa tudun tsatso daidai tsayinsa, na bi da mai laushi. Sannan na zauna na yi aikin da har yau ban yi wanda ya fi shi ba. Na sami soso mafi laushi, na fere shi girman layar nan da siffarta, har da ɗan karon da ke gefenta, na naɗe shi da wata tsohuwar fata, na dasa shi inda take. In ka shafa da hannu, ita ce. In ka jingina da nauyinka, sai ya baje ya ɓace. Na mayar da tsohuwar rigar kujerar, na bi ramukan allurar da, ɗaya bayan ɗaya. Ban tafi masallaci ba sai da na ji an fara huɗuba, kuma a hanya ina ta istigfari, don na san amana na taɓa.

Washegari da ya zo ɗaukar motar na leƙo ina kallo. Ya shafa, ya yi bisimilla, ya jingina, ya tayar ya tafi.

Sati biyu ya daina riƙe ƙugu. Wata guda ya koma sahun gaba yana ruku'u da kowa. Wata uku na gan shi yana ɗaga kwandon tumatir da kansa yana ɗorawa a but ɗin mota. Ko kasuwa ɗaya bai sake fashi ba, masu jiran makulli suka koma yi wa wani sannu.

Ku tambaye ni wa ya samu yabo. A satin da na yi aikin, Malam Sale ya sayi wata kwalba a kasuwar Makarfi wurin wani mai maganin basir, irin masu ɗora lasifika a kan tsohuwar mota. To shi ne ya warkar da shi. Duk ranar kasuwa sai ka ji lasifika tana amsa kuwwa: "Ku tambayi Malam Sale direba, mutumin Furana. Da a duƙe yake, yau ga shi a miƙe." Direbobin tashar nan suka yi layi, har da mai jarka a bayan kujera. Malam Sale ya kawo min kwalba guda kyauta, ya ce, "Kai ma kana yawan sunkuyo a kan keke, riƙe wannan." Na yi godiya. Don kada ya zargi wani abu har na kurɓa a gabansa, kuma kwana biyu ban yi nisa da bayan gida ba. Haushi kam na ji shi, ba zan ɓoye muku ba, amma bakina a ɗinke yake.

Na san ranar baduku za ta zo. Shirina shi ne in ya ce min gobe, in mayar da ita kafin ya iso. Bai ce gobe ba. Wata bakwai bayan nan, an fara saran rake, ya faka da hantsi a bakin rumfa. Muka gaisa, ya zauna, ya ce, "Farke min, yau zan kai ta a ƙara mata fata." Na ce wuƙata ta dakushe. Na ce zare ya ƙare. Na ce ya bari sai jibi. Ya zaro sabuwar reza daga aljihu ya miƙo min, ya gyara zama.

Na farke. Ya zura hannu da kansa, ya zaro, ya riƙe a tafinsa. Nauyin ne ya fara gaya masa. Ya matsa, abin ya baje a hannunsa, ya saki, ya dawo.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina take?"

Na durƙusa na kwance wayar, na miƙa masa da hannu biyu. Ya warware ƙyallen, ya juya ta, ya duba ɗinkin ko an buɗe.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'ar da ka tafi ƙaho."

"Wata bakwai ke nan ina shafa soso ina bisimilla."

"Bisimillarka ai ba ga soso ta tafi ba, Malam Sale. Kuma tana cikin motar, ko taki ɗaya ba ka yi ba tare da ita ba. Wata bakwai, ko taya ba ta fashe maka ba. Ga bayanka ya miƙe, ga makulli a hannunka. Na yi laifi, ka yafe ni, amma ka bar ta inda na sa ta."

Ya sake naɗe ta a ƙyallen. Sannan ya ce, "Na ji. Na yarda ita ce, ba basir ba. To sai me? Ita da ta goya ni, ka zaci bayanta bai yi ciwo ba?"

Na sake roƙonsa. Na kawo maganar Alhaji, na kawo maganar yara takwas da uwarsu. Ya ce duk ya sani, ya fi ni sani. Ya sa ta a aljihu ya tafi wurin baduku, bayan la'asar ya dawo da ita da sabuwar fata ja, ninki biyu, ta ƙara ƙiba. Ya ce, "Mayar da ita. Ina zaune."

Na yi iyakar dabarata. Na haƙa mata gurbi a cikin soso har na kusa kai ƙarfe, na lulluɓe da mai laushi. Ya shiga ya jingina, ya fito, ya ce ba ya jin ta, in turo ta gaba. Na turo kaɗan. Ya sake gwadawa ya ce in ƙara. Sau uku muna haka. Ban taɓa yin ɗinkin da na tsana irin wannan ba. Duk da haka layin ya fita a miƙe.

Bai kai ƙarshen saran rake yana tuƙi ba. Wata biyu ya koma riƙe ƙugu, na uku ya koma salla a zaune. Wata ranar kasuwar Makarfi aka wayi gari motar tana fake, fasinjojinsa suna tsaye, bai iya sauko da ƙafa daga gado ba. Bai jira aike ba. Da ya ɗan samu sauƙi ya zo na farke masa ya ɗauki abarsa, ya ba da makulli a kai Kudan. Mai lasifika bai sake ambaton sunansa ba, ya samu wani direban.

Shugabannin tasha sun san darajarsa, sai suka ba shi tebur, yana rubuta sunayen fasinja kafin mota ta tashi. Ga shi can, in kun ɗaga kai, mai farar hula a ƙarƙashin darbejiya. Sati guda da fara aikin ya tako a hankali har rumfar nan, muka gaisa kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ya ce bencin da yake zama a kai yana da majinginar katako, in yi masa kushin. Na ɗauki awo da alli muka tafi. Ina cikin auna faɗi ya zaro layar daga aljihu ya ajiye a kan bencin, ya juya min baya, ya kai yatsa ya nuna wurin.

Na zana inda ya nuna. Kwana biyu na gama na kai masa, na ɗaura da kaina. Ya shafa, ya yi bisimilla, ya zauna, ya jingina a hankali har sai da na ga ya cije leɓe.

Ya ce, "Yauwa. Yanzu ta zauna daidai."